Garin ofal da ƙananan kaburburansa

A can ƙuryar yammacin jihar New South Wales ta ƙasar Ostiraliya, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga birnin Sidni, akwai wani ɗan gari mai suna White Cliffs, wanda mazaunansa a yau ba su kai mutum 200 ba. Baƙon da ya je can yawon buɗe ido, abu biyu ake fara nuna masa: gidajen da aka sassaƙa a cikin tsauni domin gudun zafi, da kuma ofal, wato dutsen ado mai walƙiya wanda launinsa ke sauyawa daga kore zuwa shuɗi zuwa ja gwargwadon yadda aka juya shi a haske. Daga nan sai a ba shi labarin mazan jiya da suka keta daji da ƙunshin kaya a kafaɗa, suka jure ƙishirwa, wasunsu suka kwana matalauta suka wayi gari attajirai. Labari ne mai daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Amma ni a ganina, duk mai son sanin yadda mutanen farko suka rayu a garin, maƙabarta ya kamata ya fara zuwa, domin a can ne zai tarar cewa waɗanda neman arzikin nan ya fi ci ba su taɓa riƙe diga ba, kuma abin da ya kashe su abu ne da hukuma ta san yadda ake kare shi tun a wancan zamani.

Garin ya samo asali a shekarar 1889, lokacin da wasu maharba kangaru, wata dabbar dajin Ostiraliya, da ke yawo a wani makeken filin kiwon tumaki suka tsinci duwatsu masu ƙyalli a ƙasa, suka aika da su birnin Adelaide domin a duba musu. Samfurin ya faɗa hannun wani ɗan kasuwa mai suna Tullie Wollaston, wanda ya riga ya sha wahalar neman ofal a dazukan Queensland, kuma shi ne ya yi ta naci a kan dillalan duwatsun ado na Landan har suka amince da ofal ɗin Ostiraliya, alhali a da na ƙasar Hungary kaɗai suka sani. A 1890 aka fara yanka filayen haƙa, kuma kafin ƙarni ya ƙare wurin da babu kowa sai tumaki ya zama gari mai otal-otal da shaguna da makaranta. Ƙiyasin yawan jama'a ya sha bamban, domin mutane ne masu shigowa yau su fita gobe, amma wasu suna kai shi 5,000 a wajejen 1902, shekarar da aka haƙo ofal na kimanin fam 140,000.

Wurin da waɗannan dubban mutane suka taru ba shi da kogi, ba shi da ƙorama mai gudu, kuma ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce kimanin milimita 250 ba, shi ma idan ya ga dama ya zo. Gari mafi kusa shi ne Wilcannia da ke bakin kogin Darling, kimanin kilomita 95 zuwa kudu, sai kuma Broken Hill da ke da nisan kusan kilomita 250. A watannin Disamba da Janairu, waɗanda su ne tsakiyar bazararsu, zafi yakan wuce digiri 40 kwana da kwanaki a jere. Itacen gini ya yi ƙaranci, saboda haka gidajen farko na buhu ne da kwano: a kafa 'yan sanduna, a lulluɓe su da algarara, a shafe da farar ƙasa, a ce an yi ɗaki. Ba a daɗe ba wasu suka lura cewa ramukan da aka gama haƙa sun fi waɗannan bukkoki sanyi, sai suka share su suka koma ciki da iyalansu. Abin da ake tallata wa baƙi a yau a matsayin hikimar gini, talauci da azabar rana ne suka haife shi.

Shi kansa aikin, mutum biyu sun isa su yi shi, kuma wannan ne ya sa ofal ya zama haƙar talaka. Ɗaya yana sama yana juya gungumen da igiya ke naɗewa a jikinsa, yana jawo gugar fatar sa cike da ƙasa yana zubarwa, ɗaya kuma yana ƙasa da diga da kyandir. Idan suka kai matakin laka mai laushi inda dutsen ke kwanciya, sai na ƙasan ya fara kurɗawa gefe, sau da yawa a kishingiɗe saboda rufin bai kai a zauna ba, yana sara a hankali yana kasa kunne, domin idan bakin diga ya taɓa ofal yakan ba da wata ƙara kamar an taɓa gilashi. Daga nan sai ya ajiye diga ya ɗauki ɗan ƙarfe ko wuƙa, ya riƙa ƙwaƙula kamar mai cire ƙaya, don kada ya fasa abin da zai ciyar da shi shekara. Sai dai fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ake samu ofal ne marar launi wanda ba ya da kasuwa, kuma babu wata alama tabbatacciya a saman ƙasa da ke nuna inda mai kyan yake. Mutum yakan yi watanni yana haƙa bai ga komai ba, maƙwabcinsa da ke taku goma daga gare shi ya dace a mako guda. Zafin nema ba ya kawo samu, kuma a White Cliffs wannan magana ba ta buƙaci mai fassara ba.

Wanda ya ji wannan bayani zai ɗauka cewa maƙabartar garin cike take da mazan da rami ya rufta da su. Akwai su, kamar yadda akwai waɗanda suka faɗa tsofaffin ramuka cikin dare, da waɗanda ƙishirwa ta kashe a hanya kafin su iso. Amma maƙabarta ta farko, wadda aka yi amfani da ita tsakanin 1890 da 1892, mutanen garin suna kiranta maƙabartar yara, saboda mafi yawan waɗanda ke kwance a cikinta ƙananan yara ne. A babbar maƙabartar da ta biyo bayanta ma kaburburan yara suna da yawan da ke tayar da hankali, kuma da dama daga cikinsu ba su da suna ko alama. Cututtukan da ake ambata a kai a kai su ne zazzaɓin taifot, da mashaƙo, da atuni. Biyu daga cikin ukun nan ta ruwan sha da abinci suke shiga jiki, kuma hanyar da suke bi ba ta da wuyar ganewa. Ruwan garin na tafkunan da aka haƙa ne domin tare ruwan sama. Idan aka yi ruwa, sai ya wanko duk abin da dubban mutane da dawakai da awaki suka bari a doron ƙasa ya zuba a tafki, sannan rana ta yi ta ƙafar da shi watanni har ya koma kauri, mai amalanke ya ɗebo ya sayar, uwa ta saya da tsada ta dama wa jaririnta abinci da shi. Babban mutum yakan yi jinya ya tashi, ko kuma ya kashe ƙishirwarsa da shayin da aka tafasa. Yaron da aka yaye, wanda gudawar kwana biyu ta isa ta tsotse shi a cikin irin wannan zafi, ba shi da wannan rata.

Mashaƙo kuwa, wanda iyaye a Kano da maƙwabtanta suka sake ganin ɓarnarsa a 2023, ta numfashi yake yaɗuwa, kuma ɗaki ɗaya na buhu da iyali duka ke kwana a ciki shi ne gidan da ya fi so. Wata fata-fata ce take fitowa a maƙogwaron yaro ta riƙa toshe masa hanyar iska sannu a hankali, uwa tana kallo, ba ta da abin yi sai fifita. Matan da suka biyo mazajensu zuwa White Cliffs su ne suka yi wannan zaman jinya, su ne suka karɓi haihuwar junansu, su ne suka yi ta lissafin yadda bokiti ɗaya zai isa sha da girki da wanka da wanki. Sunayensu ba sa cikin takardun filayen haƙa, saboda haka tarihin da aka gina a kan waɗannan takardu ya wuce su kamar ba su zauna a garin ba.

Sai kuma fari ya zo ya ƙara tsananta lamarin. Daga 1895 zuwa 1903 Ostiraliya ta shiga ɗaya daga cikin mafi munin fari a tarihinta, wanda ya rage tumakin ƙasar da kusan rabi, daga sama da miliyan 100 a farkon shekarun 1890 zuwa ƙasa da miliyan 60. Kogin Darling, wanda jiragen ruwa masu tururi ke bi su kawo fulawa da sukari da shayi Wilcannia, ya janye har jirage suka kasa motsi. Shanu da dawakan da ke jan amalanke ba su da ciyawa a hanya. Waɗanda suka riƙe garuruwan wannan yanki a irin waɗannan shekaru su ne ayarin raƙuma, kuma galibin masu raƙuman Musulmi ne da aka fara kawowa tun shekarun 1860 daga Afghanistan da Baluchistan da Punjab da Sindh, waɗanda masallacinsu na kwano yana nan tsaye a Broken Hill har yau. Abin lura shi ne shekarar da fari ya kai maƙura, wato 1902, ita ce shekarar da garin ya fi cika da mutane kuma ya fi fitar da dukiya. Baki ya ƙaru, ruwa ya ragu, ofal kuma yana ta tafiya Landan da Jamus ba tare da tsaiko ba.

Na san amsar da ake bayarwa idan aka tayar da wannan magana, kuma ba amsar banza ba ce. Ana cewa babu wanda ya tilasta wa mutanen nan zuwa, sun ji labarin kuɗi ne suka ruga, sun san babu ruwa, kuma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma kafin a yanke wannan hukunci ya kamata a dubi abin da suka baro a baya. Shekarun 1890 shekarun karayar tattalin arziki ne a gabashin Ostiraliya: bankuna da yawa sun rufe ƙofofinsu a 1893, masu askin tumaki sun yi yajin aiki a 1891 da 1894 an murƙushe su, sannan fari ya zo ya kashe tumakin da ake askewa. Mutumin da ba shi da gona, ba shi da jari, kuma babu mai ɗaukarsa aiki, idan ya ji akwai wurin da diga da igiya da abokin aiki ɗaya suka isa a gwada sa'a, tafiyarsa can ba kwaɗayi ba ne kawai. Ko da ma an yarda cewa shi ya zaɓa, to yarinyar da aka haifa a cikin rami ta rasu kafin ta yi haƙori fa, me ta ɗebo? Hujjar zaɓi tana iya rufe bakin mai kukan wanda rami ya danne, amma ba ta kai ga maƙabartar yara ba, kuma can ne mafi nauyin asarar yake.

Amsa ta biyu ita ce wai haka zamanin yake, ilimin likitanci bai kai ba, kuma bai dace a auna mutanen jiya da ma'aunin yau ba. Wannan ma ba ta tsaya da ƙafarta ba idan aka duba shekaru. Tun 1873 likitan Ingila William Budd ya bayyana dalla-dalla cewa taifot ta bayan gidan marar lafiya take shiga ruwan sha, kuma a 1880 aka gano ƙwayar cutar kanta. Maganin da ke karya dafin mashaƙo ya fara aiki a asibitocin Turai a tsakiyar shekarun 1890. Gwamnatin New South Wales ta san muhimmancin ruwa mai tsabta sarai, shi ya sa ta kammala babban aikin jawo wa Sidni ruwa daga kogin Nepean a 1888, shekara guda kafin maharban nan su tsinci dutsensu. Misalin da ya fi kowanne ƙarfi kuwa yana yammacin nahiyar. An gano zinariya a Coolgardie a 1892 da Kalgoorlie a 1893, a cikin hamadar da ba ta fi ta White Cliffs sauƙi ba, taifot kuma ta yi ta kashe mahaƙa a can. Gwamnatin Yammacin Ostiraliya ta ciwo bashin fam miliyan 2.5, injiniyanta C. Y. O'Connor ya tsara bututu mai tsawon fiye da kilomita 500 daga kusa da birnin Perth, da tashoshi takwas na tura ruwa, kuma a Janairun 1903 ruwa ya isa. Ashe ana iya kai ruwa hamada a wancan zamani, idan abin da ke ƙarƙashin ƙasar ya isa ya motsa baitulmali.

Ba ina cewa ya kamata a ja wa White Cliffs irin wannan bututu ba. Zinariya kuɗi ce da kanta, tana kawo manyan kamfanoni da haraji mai kauri, ofal kuwa kayan ado ne wanda darajarsa ke hawa da sauka da sha'awar matan Turai, kuma mai shi yana iya zuba shi a aljihu ya wuce ba wanda ya sani. Jami'in da ya ce kada a zuba dukiyar jama'a a garin da ka iya watsewa gobe yana da hujja, kuma garin ya watse ɗin. Amma tsakanin bututun miliyoyi da barin mutane su sha ruwan kwata akwai fili mai faɗi: tafki mai shinge da zurfin da ya dace da yawan jama'a, tsarin kwashe bayan gida nesa da inda ruwa ke gangarowa, likita mai albashin gwamnati tun daga shekarar farko. Asibitocin karkara a wancan lokaci jama'ar gari ne ke tara kuɗin gina su sannan gwamnati ta ƙara nata, wanda ke nufin sai gari ya yi ƙarfi kafin ya samu, alhali lokacin da ya fi buƙata shi ne lokacin da bai yi ƙarfin ba. Kuma kada a ce hukuma ba ta san da wurin ba. Ta san da shi wajen sayar da lasisin haƙa, ta san da shi wajen yanka filaye da tura 'yan sanda, kuma a 1901 ta kafa babban kwamitin bincike a kan harkar ofal a White Cliffs, wanda abin da ya jawo shi shi ne rigimar manyan filayen kamfani da yadda ake raba dutse tsakanin mai fili da mai haƙa. Matsayina shi ne duk hukumar da ta miƙa hannu ta karɓi kuɗin lasisi a wani wuri, ta amsa cewa akwai mutane a wurin, kuma daga ranar ruwan shansu da lafiyar 'ya'yansu sun hau wuyanta, ko garin zai yi shekara biyar ko ɗari.

Ƙarshen garin ya zo da sauri. Tun daga 1903, bayan wani mahaƙi mai suna Charlie Nettleton ya taka ɗaruruwan kilomita da ƙafa ya tabbatar da samuwar baƙin ofal a Lightning Ridge da ke arewacin jihar, mutane suka fara zarewa. Da yaƙin duniya ya ɓarke a 1914 aka yanke hulɗa da Jamus, inda manyan masu saye da masu feƙe dutsen suke, sai kasuwa ta mutu, samari suka tafi soja, aka kwance kwanon gidaje aka ɗora wa raƙuma. Iyalan da suka tafi sun bar matattunsu a baya da alamar katako ko ta kwano, rana da gara da iska suka gama da ita cikin 'yan shekaru.

Da a ce an koyi darasi, da sai a ce jinin bai zuba a banza ba, amma abin da ya faru a Coober Pedy, a jihar Kudancin Ostiraliya, ya nuna akasin haka. A Fabrairun 1915 wani yaro ɗan shekara 14, Willie Hutchison, wanda ya biyo mahaifinsa neman zinariya, ya tsinci ofal a daidai lokacin da ayarinsu ke fafutukar neman ruwa. Shi kansa bai ci moriyar abin da ya gano ba, domin bayan shekara biyar ruwa ya ci shi a wani kogi a Queensland yana kora shanu. Garin da ya tsiro a wurin ya sake bin sawun White Cliffs: jama'a suka taru, ruwa sai an ɗauko daga nesa, gwamnati ta gina tankin ƙarƙashin ƙasa a farkon shekarun 1920 wanda ke jiran ruwan saman da ba ya zuwa, aka shiga rabon ruwa da ma'auni. Sai a 1985, shekara 70 bayan gano dutsen, garin ya samu tsayayyen ruwa daga rijiyar burtsatse da injin tace gishiri, a lokacin da ya riga ya daɗe yana cika kasuwannin duniya da ofal.

Akwai kuma waɗanda ko a maƙabartar ma ba a cika ganinsu ba. Ƙasar da ke kewaye da kogin Darling ta mutanen Barkindji ce tun dubban shekaru kafin zuwan Turawa, kuma su ne suka san inda ruwa ke ɓuya a cikinta. Kafin a fara maganar ofal, masu kiwon tumaki sun riga sun mamaye waɗannan mashaya, sun mai da masu ƙasar 'yan ƙwadago a kan ƙasarsu. Kundin tsarin mulkin Ostiraliya na 1901 ya ce kada a saka 'yan asalin ƙasar cikin lissafin jama'a, kuma ba a goge wannan sashe ba sai a 1967, sannan sai a 2015 kotu ta amince da haƙƙin Barkindji a kan yankinsu bayan shekara 18 ana shari'a. A Coober Pedy, lokacin da garin ya kusa mutuwa bayan karayar tattalin arzikin shekarun 1930, wata 'yar asalin ƙasar ce mai suna Tottie Bryant ta gano sabon wurin ofal a tsakiyar shekarun 1940 wanda ya farfaɗo da shi. Masu raƙuma kuwa, dokar taƙaita shige da fice ta 1901 ta rufe wa irinsu ƙofa, mota ta zo ta karɓe sana'arsu, da yawansu suka tsufa su kaɗai ba iyali. Idan aka ce “mutanen farko” na waɗannan garuruwa ana nufin Turawan da suka yanki fili kawai, an yi wa tarihi ƙwange tun daga kalmar farko.

Abin da ya fi damuna da yadda ake ba da labarin waɗannan garuruwa shi ne yawan yabon juriya. Juriya halin kirki ce, kuma mutanen nan sun yi ta, amma idan aka cika yabon wanda ya jure, mai sauraro yakan manta ya tambayi wanda ya bar shi cikin halin da sai ya jure. White Cliffs tana alfahari da Bill O'Reilly, shahararren ɗan wasan kurket da aka haifa a garin a 1905, ɗan malamin makarantar garin, har an sa wa filin wasansu na jar ƙasa sunansa. Ya cancanta. Sai dai shi yaro ne da ya tsallake, iyayensa suka bar garin yana ƙarami, ya girma duniya ta san shi, kuma babu mai iya faɗin abin da sa'o'insa da aka binne a bayan gari za su zama da an tafasa musu ruwa.

Wanda ya san abin da ya faru a Zamfara ba zai karanta wannan tarihi a matsayin labarin wata duniya ba. A 2010 aka gano cewa gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana niƙawa a tsakar gidan da yara ke rarrafe. A can ma ba mahaƙan ne suka fi mutuwa ba. Garin Bagega ya jira har 2013 kafin a saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, sannan a 2015 irin wannan guba ta sake kashe yara 28 a jihar Neja. A Jamhuriyar Nijar, dubban matasa sun kwarara Djado neman zinariya tun daga 2014, cikin hamadar da ruwa ke tsada kamar magani, kuma a Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Issa na jihar Maradi ya kashe aƙalla mutum 18. Abin da hukumominmu suka fi sabawa da shi hanya biyu ce: ko su kau da kai, ko su rufe wurin, kamar yadda aka rufe Djado a 2017 aka kuma haramta haƙa a Zamfara a 2019. Akwai dalilan tsaro a bayan wasu daga cikin waɗannan matakai, ban musa ba, amma rufewa ba ta mayar da mai yunwa gida, sai dai ta tura shi inda babu mai ganinsa balle a kai masa rijiya ko ma'aikacin lafiya.

A wani fanni ɗaya White Cliffs ta fi wuraren haƙarmu sa'a. Tun 1856 New South Wales ta wajabta rajistar haihuwa da aure da mutuwa, saboda haka ko da alamar kabari ta ɓace, sunan yaron da shekarunsa da cutar da likita ko ɗan sanda ya rubuta suna nan a littafin gwamnati, kuma jikokin iyalan suna iya neman takardar su karɓa. Da waɗannan takardu, da rahotannin jaridun Wilcannia da Broken Hill, masu binciken tarihi suke iya sake jera waɗanda suka rayu suka mutu a garin, har mutum irina ya samu abin da zai kafa hujja da shi a kan hukumar da ta shuɗe fiye da shekara 100. Matashin da ya bar Zinder ko Gusau ya rasu a bakin rami a tsakiyar daji, abokan aikinsa ne ke yi masa sutura, wani ya buga wa gida waya idan akwai lamba. Ofishin da ke bayar da lasisin haƙa ya san iyakar kowane fili da sunan kamfanin da ya mallake shi, kuma ba zai gagare shi ba ya sharɗanta cewa duk wurin da aka taru ana haƙa sai an ajiye littafin masu shiga da masu rasuwa, tare da rijiya da ɗakin shan magani, kafin a sabunta wa mai fili takardarsa.